Mita tana nuna bolt amma ta ƙi nuna amp, jabu aka sayar min?

Abba_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar wuta, dan Allah shawara nake nema. Ina da 'yar sola a shago, fanel biyu masu 150W kowanne, batir ɗaya 100Ah 12V sai kwantirola mai daidaita cajin batir, irin PWM ɗin nan shuɗiya. Kwana biyun nan batirin ko sha ɗayan dare baya kai ni, da kuwa har asuba fanka na juyawa. Shine na sayi mita 'yar rawayar nan DT830D don in ga amp nawa ya rage a batirin, kuma nawa fanel ke turowa. Bolt kam tana nunawa lafiya lau, 12.4 da safe. Amma da na murɗa ta wajen DCA, wato wajen awon amp, na ajiye a 200m (0.2 amp kenan), na ɗora jan tsinke a kan + baƙi a kan − sai naji wani ɗan "tas" daga ciki, tun daga nan 00.0 kawai take nuna min ko me na taɓa. Ni a ganina jabu ce, gobe zan mayar wa mutumin da abarsa. Akwai wanda ya san wata mai kyau wadda bata fi ƙarfin talaka ba?

Auwal_Rewaya:
Wa alaikumus salam. Oga kar ka je ka tada jijiyar wuya a shagon mutane, mitarka ƙalau take, fiyus ɗin ciki ne ya tafi. Wannan tas ɗin da kaji shine. Ka ma gode Allah a 200m ka sa ba a ramin 10A ba, da yanzu labarin yatsu muke yi.

Sadiq_Kd:
Hhh kowa da haka ya fara wlh

Injiniya_Bashir:
Malam Abba gaskiyar Auwal ne, amma bari in faɗa maka dalili don kar ka canza fiyus ka sake ƙona wani. Awon bolt da awon amp ba hanyarsu ɗaya ba. In kana awon bolt mitar bata barin wuta ta ratsa ta sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, shi yasa zaka ɗora tsinke ɗaya nan ɗaya can a kan batir ba abin da zai faru. Amma da zarar ka murɗa ta zuwa amp, cikinta ya koma kusan waya zalla. A ramin 10A wata 'yar guntuwar waya ce mai kauri a ciki, ƙarfin tarewarta kamar 0.01 ohm, a 200m kuma kamar ohm 1. To ka ɗauki ohm 1 ka haɗa + da − na batir 12V, amp 12 kenan zai bi ta cikin fiyus ɗin da aka yi don abin da bai kai rabin amp ba. Ina zai tsaya.

Amp ana auna shi ne kamar yadda ake sa mitar ruwa, sai an yanke bututu an sa ta a tsakiya duk ruwan ya bi ta cikinta. Wato ka cire waya ɗaya daga inda take, jan tsinke ya kama ɓangaren da wuta ke fitowa, baƙi ya kama ɓangaren da take tafiya, kayan da ke shan wutar yana nan a layin shi ne zai ƙayyade yawan abin da zai wuce. In ba kaya a layin, mitar ce ta zama kayan, ita zata sha duka.

Baƙar waya kullum a ramin da aka rubuta COM. Ja kuma a ramin 10A zaka fara, ka murɗa zuwa 10A, in kaga abin ƙanƙani ne bai kai 0.20 ba sannan ka kashe wuta ka dawo da ita ramin mA. Daga sama ake saukowa.

Abba_Gwammaja:
Na gode Injiniya. To amma in haka ne ta yaya zan san amp nawa ya rage a batirin? Ai 100Ah aka rubuta a jiki

Malam_Tukur_Zariya:
Abba wannan mitar ba zata taɓa gaya maka haka ba, ko ta dubu ɗari ka saya. Ah ba amp bane, amp ne sau awa. Ma'anar 100Ah galibi shine in kana jan amp 5 zai yi awa 20 kafin ya ƙare ƙaf, wasu batiran solar kuma da awa 10 suke lissafi, zaka ga C10 ko C20 a jiki. Ba wani abu ne da ke zaune a kan batir ka taɓa ka karanta ba. Hanyar da muke bi ita ce ka cika shi taf, ka sa masa kayan da ka san abin da yake ja, misali ƙwan mota mai 55W yana jan amp huɗu da rabi haka, ka duba agogo ka ga awa nawa zai yi kafin bolt ya sauko. Kuma batir irin namu na dalma ba a son a wuce rabi, in ya huta ba kaya a kansa 12.7 cikakke ne, wajen 12.2 ya kai rabi.

Wani abu da na lura a maganarka, kace yana mutuwa sha ɗayan dare amma da safe kaga 12.4. Batirin da ya gaji haka yake yi, da an sauke masa kaya sai bolt ya dawo sama kamar lafiyayye, da an ɗora masa fanka ya zube. Ni batirin nake zargi.

Hamza_GSM:
Malam Tukur ba lallai ba fa. In rana ta riga ta fito lokacin da ya auna ai fanel ne ke ɗaga bolt ɗin. Abba ƙarfe nawa ka auna?

Abba_Gwammaja:
Wajen takwas da rabi ne in na buɗe shago

Hamza_GSM:
To ka gani. Takwas da rabi a Kano rana ta daɗe da fitowa, wannan 12.4 ɗin bai gaya mana komai ba

Ɗan_Maraɗi:
Salam. Mu nan abin da ya fi kashe mana sola ƙura ce ba batir ba. Lokacin hunturu in ka bar fanel sati biyu baka goge ba zaka iya rubuta sunanka da yatsa a kai. Kuma abin da mutane basu sani ba bolt ɗin fanel baya saurin faɗuwa ko da ƙura, zaka auna kaga 20 ko 21 kace lafiya, alhali amp ɗin ya zube. Shi yasa wanda ya tsaya a awon bolt kawai bai auna komai ba. Ɗan uwa ka hau ka goge tukuna da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Auwal_Rewaya:
Tunda ana maganar yanke layi bari in ba da misali daga garejinmu don Abba ya gane da kyau. Mutum zai kawo mota yace kullum da safe sai an tura, ya canza batir sabo fil amma banza. Abin da nake yi, in kashe mota in zare makulli in rufe ƙofofi duka, in sa sifana goma in kwance kan batir na −, mita a 10A, tsinke ɗaya a kan batirin ɗaya a jikin wayar da na cire. Sai in tsaya. Motocin yanzu masu kwamfuta basa yin barci nan take, da farko zaka ga 1.5 ko fiye, in ka yi haƙuri minti goma ko ashirin zaka ga tana sauka. Lafiyayyar mota ta tsaya ƙasa da 0.05 haka. In ta tsaya a 0.40 ko 0.80 to akwai ɓarawo, sai in sa yaro ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ina kallon mita, wanda aka zare lamba ta faɗi to layin nan ne. Yawanci rediyon da aka ɗaura a kasuwa ne aka haɗa shi kai tsaye, ko fitilar but da bata mutuwa.

Sharaɗi ɗaya, kar wani ya kuskura ya murɗa makulli mita na tsakani. Kik yana jan sama da amp 100, mitar 10A ce.

Sadiq_Kd:
Oga Auwal ni fa fiyus in ya ƙone 'yar waya nake ɗaurawa ko takardar sigari mai ƙyalli, shekara da shekaru ba abin da ya faru

Injiniya_Bashir:
Sadiq don Allah kar ka koya wa mutane wannan. Ranar da ka manta jar waya a ramin amp ka zura ta a soket na 230V ba abin da zai tsaya tsakaninka da wutar. Kuma mantuwar nan ita ce ta fi ƙona mita a duniya, mutum ya gama awon amp ya murɗa zuwa bolt amma bai mayar da wayar raminta ba. A ramin 10A ko ina ka murɗa, wayar nan mai kauri tana nan haɗe da COM. Mitoci masu tsada irin Fluke har ƙara suke yi in ka bar waya a ramin da bai dace ba, fiyus ɗinsu ma na musamman ne mai yashi a ciki, 11A da 440mA masu jure 1000V, don ya kashe tartsatsin a cikinsa. 'Yar rawayar nan kuwa ka duba gefen ramin 10A, yawancinsu an rubuta ba fiyus a wannan layin, kuma an rubuta kar ka wuce sakan 10 sannan ka bar ta ta huta minti 15. Mutane basa karantawa ne kawai.

Sadiq_Kd:
Injiniya kuɗin fiyus ɗin Fluke ɗaya ai ya sayi irin mitata guda nawa 😂 kowa da aljihunsa

Injiniya_Bashir:
Ban ce ka sayi Fluke ba. Ɗan fiyus na gilashi nace ka saya daidai da lambar da ke rubuce a bayan mitarka, nawa yake.

Maman_Ilham:
Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ga masana. Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo, firiza ɗaya gare ni, ana ta ce min in sa sola amma kowa da lissafin da yake kawo min, wani yace inbata mai 1.5kVA wani yace sai 3.5kVA. Ɗana yana da irin mitar nan rawaya, zai iya auna min abin da firizar ke ja daga soket?

Malam_Tukur_Zariya:
Hajiya kar ki bari ya gwada. Na farko ita DT830 bata da wajen awon amp na wutar NEPA sam, DCA kawai gare ta, wato wutar batir da sola. ACV ɗin da ke jiki na bolt ne. Na biyu ko tana da shi sai an yanke wayar wuta mai rai an sa mita a tsakani, wannan ba aikin yaro bane. Ki nemi mai gyaran wuta da ke da kilam mita, wadda ake buɗe bakinta a rungumi waya ba sai an yanke komai ba.

Hamza_GSM:
Amma a gaya mata waya ɗaya ake runguma. Na sha ganin mutum ya kama igiyar firji gaba ɗaya da kilam ya ga sifili yace mita ta lalace. Wayoyi biyu ne a ciki, wuta na tafiya ta ɗaya tana dawowa ta ɗaya, sai su kashe juna. Masu aikin suna da ɗan guntun ekstenshan da suka feɗe rigar waje wayoyin suka rabu, sai a kama ja ko ruwan ƙasa kaɗai.

Injiniya_Bashir:
Ƙari a kan na Hamza, Hajiya abin da ke rikita lissafin firiza shine tashin kwamfireso. In tana tafiya abin da take ja kaɗan ne, wataƙila amp ɗaya ko ƙasa, amma a sakan ɗin da zata tashi tana fizgar ninki biyar ko fiye. Inbata ƙarama anan take yin ƙara ta mutu. Mita ta yau da kullum bata kama wannan fizgar saboda kafin ta nuna lamba abin ya wuce, sai mai maɓallin INRUSH ko aƙalla MAX. Kuma ki duba takardar da ke manne a bayan firizar, akwai lambar W ko A, ki turo mana. Sannan a tuna amp ɗaya a 230V ba amp ɗaya bane a ɓangaren batir. 230W ne, in aka raba da 12V ya kusa amp 20, ga asarar inbata a kai. Shi yasa wayar batir ke da kauri.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri, zan sa a ɗauko hoton takardar in an dawo daga makaranta

Nura_Panteka:
Ni shawarata ga Abba ya manta da wannan yanke-yanken wayar ya sayi kilam kawai ya huta. Rungumar waya, karanta lamba, shikenan.

Ɗan_Maraɗi:
Nura ba kowace kilam ba. Masu arhar nan AC, wato wutar NEPA, kaɗai suke aunawa, in ka rungumi wayar fanel sifili zaka gani ko rana na tsaka. Sai wadda aka rubuta DC a wajen amp ɗinta ba wajen bolt kawai ba, nan ne ake yaudarar mutane, a kwali an rubuta AC/DC da manyan baƙi ashe bolt ake nufi. Ni UT210E nake amfani da ita tana kai 100A a DC, amma dole ka danna ZERO kafin ka kama waya in ba haka ba zata ƙara maka ko ta rage. Kuma a ƙananan awo irin na Auwal Rewaya, 0.03 da 0.05, na fi yarda da mitar da aka sa a layi.

Nura_Panteka:
Eh to na yarda da batun DC. Amma har yanzu ga wanda bai iya ba kilam ta fi aminci, ba zai ƙona komai ba

Abba_Gwammaja:
Jama'a na buɗe bayan mitar, sukurori biyu ne, ga fiyus ɗin nan gilashin ya yi baƙi ƙirin. Na samo wani na sa, ta dawo. To yanzu ya zan auna fanel ɗin? In yanke wayar da ke tsakanin kwantirola da batir?

Injiniya_Bashir:
A'a dakata. Abu biyu. Kwantirola ba a cire mata batir fanel na haɗe, fanel ake fara cirewa, in za a mayar kuma batir ake fara haɗawa. Na biyu fanel 150W irin na 12V kowanne yana iya ba da amp 8 da wani abu, biyun a haɗe sun kai 16 ko 17, sun fi ƙarfin ramin 10A. Ɗaya bayan ɗaya zaka yi. Ka duba takardar bayan fanel akwai Isc, wato amp ɗin da yake bayarwa in aka haɗa + da − ɗinsa kai tsaye, zaka ga wajen 8.8 ko 9. Da tsakar rana ka raba su, ka rufe wanda zaka auna da bargo ko kwali, ka sa ja a ramin 10A ka haɗa da + na fanel baƙi da −, ka yaye bargon ka karanta da sauri, ka mayar da bargon sannan ka cire.

Sadiq_Kd:
Tsaya tsaya Injiniya. Ba kai ka gama cewa kar a haɗa + da − da mita a amp ba? Yanzu kuma kace ya yi

Kawu_Isa:
Nima abin da zan tambaya kenan. Ni dai ba zan yi ba, an ce fanel na ƙonewa.

Injiniya_Bashir:
Tambaya mai kyau. Batir in ka haɗa bakinsa zai turo duk abin da yake iyawa, ɗaruruwan amp. Fanel kuwa yana da iyaka, hasken da ya sauka a kansa ne ke ƙayyade amp ɗinsa, ko ka haɗa wayoyinsa biyu da juna ba zai wuce Isc ɗin nan ba, ai ma'anar lambar kenan, kamfanin ma haka ya auna ta. Amma fanel ɗaya ƙarami nake nufi. Manyan nan na 550W Isc ɗinsu ya kai wajen amp 14, sun wuce mitar. Waɗanda aka jera da yawa bolt ya hau ɗaruruwa kuma kar wanda ya gwada da tsinke, tartsatsin DC baya mutuwa da sauƙi, bargon ma don shi nace a sa.

Kawu_Isa:
Toh Allah ya sa mu dace, ni dai yaro zan kira

Hamza_GSM:
Mu a teburin gyaran waya amp ɗin ne ma idonmu. Wayar da ta mutu in ka haɗa ta da injin ba da wuta a bolt 4 haka, tun kafin ka danna komai in allura ta tashi to akwai shot a layin batir, in kuma ka danna ta ɗan motsa ta tsaya cak a wuri ɗaya wani labarin ne daban. Amma da 'yar mita a ramin mA wani lokaci wayar ma ƙin tashi take yi, saboda ita kanta mitar tana cinye ɗan bolt, ga siraran wayoyinta. Sai ka zata waya ce ta lalace.

Abba_Gwammaja:
Na auna yau wajen sha biyu da rabi bayan na goge su tas kamar yadda Ɗan Maraɗi yace. Na farko ya ba ni 7.2, na biyu 3.0. Na farkon ma da alamar − a gaba sai da na juya tsinken. Bolt kuma duka biyun 20 da ɗan wani abu. Takardar bayan kowanne 8.9 ta ce.

Ɗan_Maraɗi:
Alamar − ba komai juyin waya ne kawai. 7.2 ba laifi, lambar takarda a haske cikakke aka auna ta 1000W kan kowace murabba'in mita, da hazo ba zaka samu ba. Amma na biyun nan akwai magana. Ka ga abin da na faɗa, bolt iri ɗaya amp ya sha bamban.

Auwal_Rewaya:
Buɗe ɗan baƙin akwatin da ke bayan fanel ɗin ka duba, ina kyautata zaton waya ta yi tsatsa ko ta saki. Ko inda aka murɗa wayoyi aka naɗe da baƙin tef, in ka taɓa kaji ɗumi to nan ne.

Nura_Panteka:
Ko kuma takardar ce ƙarya. Girmansu ɗaya Abba? Akwai fanel da ake manna wa 150W alhali ko 80 bai kai ba

Malam_Tukur_Zariya:
Duk da haka ban janye maganata ba. Amp 10 na awa huɗu ko biyar ai ya ci a ce ya riƙe fanka ɗaya fiye da sha ɗayan dare, sai dai in akwai wani kayan da Abba bai faɗa mana ba. Fanel ɗin da ya daɗe baya cika batir shi ke kashe batirin, ana iya samun duka biyun. A yi gwajin ƙwan mota.

Injiniya_Bashir:
Kuma kar a yarda da 7.2 ɗin nan ɗari bisa ɗari. Fanel mai diyod a akwatinsa in inuwa ta rufe rabinsa zai iya nuna Isc mai kyau, amma in aka haɗa shi da batir bolt ɗinsa bai isa ya tura ba. Ka sake aunawa yana kan aiki, fanel ɗaya, mita a tsakanin + ɗinsa da shigar kwantirola, kuma lokacin da batir bai cika ba don in ya cika PWM tana yanka wutar ne lambar zata yi ta rawa. Akwai tankin ruwa ko eriya kusa da su?

Abba_Gwammaja:
Girmansu ɗaya Nura, tare na saye su. Tanki babu amma akwai allon shagon maƙwabcina da aka ɗaga kwanan nan, sai na hau gobe in ga inda inuwarsa ke faɗawa. Malam Tukur kaya kuma fanka ce da ƙwai uku sai cajin waya da nake yi wa mutane, bai fi guda goma sha biyar ba a rana

Malam_Tukur_Zariya:
Waya goma sha biyar kace bai fi ba? Kai Abba. Sa mitar a layin fitar kwantirola da magariba duk kayan na kunne ka turo mana lambar.

Maman_Ilham:
Ga abin da ke bayan firizar, an rubuta 220-240V 50Hz sai 1.1A, akwai kuma wani R600a ban san ko shi ma ana buƙata ba